Wasan Kwaikwayo A Kan Hanya: Daga Salaga Zuwa Yendi Da Bawku

Duk lokacin da wata ƙungiyar samari ko ta 'yan makaranta ta shirya wasan kwaikwayo a zangonmu ya yi armashi, maganar farko da ake ji bayan an tashi ita ce, "Ai wannan wasa bai kamata ya tsaya a nan ba, a kai shi Yendi, a kai shi Bawku." Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, sai dai galibin masu faɗi suna zaton kai wasa wani gari bai wuce a sami lore a zuba yara da ganguna a kama hanya ba. To, ni dai a shekarun da na yi ina koyarwa, ina kuma raka yara irin wannan tafiya, na ga wasan da ya sa mutanen garinsu dariya har da hawaye ya je wani gari ya mutu murus, alhali 'yan wasan su ne dai, maganganun ma ba a rage ko ɗaya ba. Abin da ke kashe shi da abin da ke rayar da shi nake so mu duba a wannan wata.

Ita hanyar kanta ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano da Sakkwato neman goron Gwanja, da yawansu ta Yendi suke biyowa kafin su sauka a Salaga, ayarin Mosawa kuma ya gangaro daga arewa ta Bawku da Gambaga. Kalmar zango ma da muke kiran unguwanninmu da ita, asalinta masaukin ayari ne. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba, a kowane gari kuma akwai maigidan da zai sauke su ya tsaya musu a wajen sarki da kasuwa. Ban ga abin da ƙungiyar wasa ke bukata ba wanda ya wuce waɗannan mutum uku, kuma duk tafiyar da na ga ta lalace, in ka bincika za ka tarar ɗayansu ne babu.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan sana'a a ƙasar nan su ne 'yan konsat na kudu. Wasansu ya samo asali ne daga wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Yalley, wajen 1918, sannan Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio suka ɗauke shi suka shiga gari-gari da shi cikin shekarun 1930. A 1952 E. K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da kiɗan jita, ya kuma mai da shi Tonanci zalla, wato harshen Tuwi. Bayansu aka sami irin su Kakaiku da Jaguar Jokers. Waɗannan mutane kan yi makonni ba su kwana a gida ba, kuma har arewa sukan zo. Tsarinsu shi ne abin koyi. Kwanaki kafin motarsu ta iso sun riga sun tura mutum guda ya je ya kama wuri, ko gidan silima ne, ko rumbun ajiyar koko, ko tsakar wani babban gida mai ƙofa ɗaya da za a iya tsayawa a karɓi kuɗi, ya kuma manna takardun talla. Ranar wasa sai a jingina manyan alluna masu zanen dodanni da aljanu a bakin kasuwa, mota ta zaga gari da lasifika. Da dare a fara da kiɗa da rawa har wuri ya cika, wasan kansa sai dare ya yi nisa. In an gama su shimfiɗa tabarmi a nan inda suka yi wasan, da safe su ɗaure kaya su nufi gaba. Janaretarsu tana cikin motarsu, kuma suna lissafin lokacin da kuɗi ke hannun mutane, kakar koko a kudu, ƙarshen wata a garuruwan ma'aikata.

Abin lura a nan shi ne ba su da rubutaccen wasan da aka haddace baƙi da baƙi. Ƙashin labarin kowa ya san shi, naman kuwa a kowane gari ake sa shi. Shi ya sa wasansu ke jure tafiya. Namu na makaranta kuwa, wanda yaro ya haddace layinsa har da inda zai tsaya da inda zai juya, da zarar an sauya masa ɗaki sai ka ga ya rikice kamar kazar da aka kai sabon gida.

Kada a ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai sauyin wuri ke taɓawa. A Ankara, babban birninmu, marigayiya Efua Sutherland ta buɗe gidan wasanta mai suna Drama Studio a 1961, wanda aka gina shi da siffar tsakar gida irin ta gargajiya, sama a buɗe, 'yan kallo kusa da 'yan wasa. A 1990 aka rushe shi domin a gina Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1992, aka kuma sake gina kwatankwacin na farkon a Jami'ar Legon. Wato a can har gidan wasan ma ƙaura ya yi. Sabon ginin yana cin mutum kusan 1,500 a kan kujeru jere-jere, kowa na fuskantar gaba. Da aka shigo da 'yan konsat cikinsa a tsakiyar shekarun 1990, a shirin nan da sabulun Key ya ɗauki nauyi ana nunawa a talabijin, sun sami suna da 'yan kallon da ba su taɓa samu ba, a nan ne ma irin su Agya Koo suka fito. Amma wasan da a da ake kwana ana yi, dole aka datse shi ya shiga lokacin da talabijin ta yanka masa, tsohuwar da a ƙauye za ta taso ta miƙa wa marainiyar cikin wasa sulai tana kuka, yanzu tana can nesa a kan kujera, ko ma a gida gaban akwati. An samu, an kuma rasa. A ganina duk wanda zai ɗauki wasa daga wani dandali zuwa wani ya kamata ya zauna tun farko ya yi wannan lissafi, ya san abin da zai bari a baya da yardarsa.

Mu dawo gida. A garuruwan nan uku, wurin da ake samu ba ya wuce zauren taron makaranta, ko zauren taron gari, ko filin makarantar firamare, ko ƙofar gidan wani babba. Kowanne da halinsa. Zauren makaranta yana da dandamali, yana da bango a baya, wani lokaci har da labule, saboda haka ɗan wasa ya san inda gaba take. A fili kuwa babu gaba babu baya, domin kafin a gama fitowa ta farko yara sun kewaye ku ta ko'ina, wanda ya laɓe a bayan zane yana jiran lokacin fitowarsa ma kallonsa ake yi. Wasan da aka gina a kan ɓoyo, alal misali miji ya laɓe yana jin abin da uwargida ke ƙullawa, a zaure yana da daɗi, a fili sai an sake masa tsari, a nemi turmi ko buhu ko wata rumfa da za ta tsaya a matsayin bango, ko kuma a bar shi ya laɓe a cikin 'yan kallo su zama abokan sirrinsa. Wannan na biyun ya fi armashi nesa ba kusa ba, kuma ba ya cin ko kwabo.

Saboda haka aikin farko na jagaba shi ne ya auna wuri da ƙafarsa, taku nawa ne faɗi, taku nawa ne zurfi, ta ina ake shiga, ina za a sauya tufafi, ina soket yake. In ya dawo sai a zana wannan awo a ƙasa da toka ko alli a yi gwaji a cikinsa aƙalla sau biyu kafin a tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya saba taku huɗu daga ƙofa zuwa kujerar maigida, in ya tarar goma ne, zai gama maganarsa tun bai iso ba, ya ƙarasa tafiyar shiru, dariyar da ake jira ta wuce. Murya ma haka take. Zaure mai rufin kwano yana mayar da sauti, wanda ya yi sauri maganarsa ta cakuɗe, fili kuma yana haɗiye sauti, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa. Janareta a kai ta can bayan gini da doguwar waya, in ba haka ba ita za a kwana ana saurare. Zanen bango kuwa, wanda aka ɓata mako guda ana zana masa gida da bishiya, na ga iskar hunturu ta mai da shi tantin jirgin ruwa. A huda shi wurare kaɗan iska ta sami hanya, a ɗaure ƙasansa da duwatsu.

Game da kaya, dokata ɗaya ce: abin da za a iya ara a can kada a ɗauka. Tabarma, turmi, buta, kujera 'yar tsugune, babu gidan zango da ba su. Abin da ake ɗauka shi ne tufafi, da ganguna, da wayoyi da fitilu, da duk wani abin da labarin ya rataya a kansa. Hanyar ma za ta koya wa mutum rage kaya. Daga Salaga zuwa Yendi ta Bimbila ake bi, da damina kuwa sai an tambayi direbobi halin da take ciki kafin a sa rana. Daga Yendi zuwa Bawku ko dai a yanke ta Gushegu da Nakpanduri a gangara dutsen nan a fita Garu, ko a zagaya ta Tamale da Walewale da Bolga da Zebila, tafiyar da ta haura kilomita 300. Yaran da suka wuni a mota ba za su yi wasan kirki a daren nan ba, ko da wane ne ya koyar da su. A isa yau, a yi wasa gobe.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar harshe. Mu da kanmu mun san Hausar Salaga ba ita ce ta Bawku ba, kuma dukkansu ba su ne Hausar Kano da yaranmu ke ji a finafinai ba. A Salaga Hausa tsohuwar 'yar gida ce, garin da Alhaji Umaru ya zauna yana koyarwa yana rubutu kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa mutane ya koma Kete Karaci, inda ya rasu a 1934. Can za ka iya sakin karin magana mai zurfi dattawa su kama ta tun ba ta faɗi ƙasa ba. A Yendi Dagbanci ne ke mulki, da yawa cikin 'yan kallo Hausarsu ta ciniki ce da gaisuwa, saboda haka wasan da duk daɗinsa a baki yake zai sha wuya. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce a ɗauki mutum ɗaya cikin wasan, ɗan aike ko maroƙi ko maƙwabciya mai gulma, a ba wani ɗan garin ya hau matsayin, ya riƙa juyawa yana ba 'yan kallo labari da Dagbanci kamar yana tsegumi. Ba a ce masa tafinta ba, amma aikin da yake yi ke nan. A Bawku kuwa Hausa ce harshen da Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Bimoba ke haɗuwa a kansa a kasuwa, kowa na ji, sai dai Hausa ce mai gajerun jimloli wadda ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba. Yaron da ya je can yana ƙwambo da Hausar littafi, kallon ɗan fim za a yi masa.

Wannan batu yana da nauyi a wurinmu fiye da yadda ake zato. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma Hausa ba ta shiga jerin harsunan da gwamnati ta zaɓa domin koyarwa a makarantun firamare ba, kamar yadda Dagbanci da Gwanjanci suka shiga. Yaron zango zai gama makaranta bai taɓa rubuta jimla ɗaya da harshen uwarsa a aji ba. Dandalin wasa na cikin wurare 'yan kaɗan da zai tsaya gaban jama'a ya yi magana mai tsawo da Hausa a tafa masa. In kuma ya yi haka a garin da ba nasu ba, ya ji yadda wasu ke furta abin da shi ke furtawa daban, ya koyi abin da ba ni da hanyar koya masa a allo.

Barkwanci ma yana da iyakar ƙasa. Mu mun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari. Nan arewacin Gana akwai irinsa tsakanin Dagwamba da Mosawa, da tsakanin Frafra da Dagaba. Wanda ke cikin wannan dangantaka in ya yi zolaya dariya za a yi, wanda ba ya ciki in ya faɗi kalmar nan dai zagi ne. Don haka duk wata ba'a da aka yi wa wata ƙabila a wasa, ko a gida ta wuce lafiya, a zauna da maigidan da zai sauke ku a karanta masa ita kafin a hau dandali. Baƙo makaho ne ko da idonsa.

Akwai kuma labaran da kowane gari ke ji da wani kunne na daban. Mu ɗauki misalin wasa a kan cinikin bayi, irin labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. A Salaga filin kasuwar bayin yana nan, rijiyoyin ma suna nan, kuma cikin masu kallo akwai jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka sayar zaune a benci ɗaya. A Yendi kabarin Babatu yake, jagoran mayaƙan Zabarmawa da ya ƙare rayuwarsa a can a 1907, zuriyarsa kuma suna garin. In ka haura arewa kuwa ka shiga yankin da har yau ake tuna hare-haren wancan zamani, mutanen Sandema ma bikin Feok suke yi duk shekara na tunawa da korar mayaƙansa. Fitowa ɗaya ce, an ɗaure yaro an sa shi a ayari, amma zuciya uku ce za ta karɓe ta. Ban ce a fasa irin wannan wasa ba, ni ma ina ganin ya kamata a yi shi. Sai dai wanda ya shirya shi ya san gaban wa yake tsaye.

Rikicin sarauta ya fi wannan ma tsanani. Labarin 'yan sarki biyu masu neman gadon ubansu tsohon labari ne da yara ke son yi saboda akwai rawani da algaita a ciki. Amma yaƙin Salaga na 1892 a kan sarautar Kpembe aka yi shi. Yendi ta ga abin da ya faru a watan Maris na 2002 da aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu, aka shekara goma sha bakwai kafin a naɗa sabon Ya Na a Janairun 2019. Na Bawku kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. Shawarata ita ce in za a bi wannan hanya da wasa, a mai da rigimar ta gadon gona ko ta shagon kasuwa tsakanin 'yan uba. Darasin yana nan yadda yake, kuma ba wanda zai tashi yana lissafin wane ɓangare aka ba rawanin da ya fi girma.

Sai maganar lokaci. Dokar hana fita da dare da aka sa bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, wadda ta kai har 1984, tana cikin abubuwan da suka karya 'yan konsat, kafin gidajen bidiyo su zo su ƙarasa su. Wasan dare ba ya rayuwa inda aka hana dare. A Bawku an sa irin wannan doka a ƙarshen 2021 aka yi ta sabunta ta, saboda haka duk mai niyyar zuwa can ya fara tambayar halin da ake ciki, ya kuma shirya wasansa yadda zai yiwu da rana tsaka ba fitila, tsakanin Azahar da La'asar ko bayan La'asar a tashi kafin Magariba. Wasan rana yana da nasa sharaɗi, domin duhun da ke rufa asirin gemun auduga da rawanin aro babu shi. Ko a inda babu doka ma, wasan da ya ci lokacin salla ya rasa dattawa, wanda ya rasa dattawa kuma ba za a sake ba shi fili ba. A duba kalanda kada a yi karo da Damba ko azumi, a kuma san ranar kasuwa, tunda ta Bawku kwana uku-uku take ci, kasuwannin ƙasar Dagwamba da yawa kuma shida-shida. Ranar kasuwa akwai jama'a da kuɗi a hannu, amma sai an bari sun kwashe kaya. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce mai shirya taro a fili ya sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar. Wannan takarda aikin jagaba ce, tare da gaisuwar sarkin zango da liman, su kuma su san yadda za su kai maganar fada. Goron gaisuwa a sa shi cikin lissafin kuɗin tafiya tun farko, kusa da kuɗin mai.

Abu na ƙarshe da yakan rusa tafiya tun ba a fara ba shi ne 'yan mata. Uban da ya yarda 'yarsa ta fito a wasa a makarantar unguwa yana kallo, ba lallai ne ya yarda ta kwana biyu a wani gari ba, kuma ban ga laifinsa ba. 'Yan konsat na farko maza ne ke ɗaura zane su fito a mata, mu ma a tashe mun saba ganin haka, amma wasan da aka gina a kan kukan uwa in aka ba ƙato mai gemu, dariya za a yi a inda ake son hawaye. Hanyar da na ga iyaye sun fi amincewa da ita ita ce a sami malama ko wata dattijuwa da unguwa ta sani ta shiga motar, a kuma gaya wa kowane uba sunan gidan da 'yarsa za ta sauka da sunan uwargidan da za ta karɓe ta. Shugaban wasa ya taka da ƙafarsa gida-gida ya yi wannan bayani, kada ya aika yaro da takarda. In duk da haka wani uba ya ce a'a, to a riga an tanadi wata yarinyar da ta san matsayin tun ranar da aka fara gwaji.